Fasto Yun Ya Koyi Rashin Kunya

Fasto Yun bai iya waƙa ba, kuma ya san bai iya ba. Tun yana makarantar tauhidi a ƙasarsu Koriya malamin waƙa ya ja shi gefe, ya roƙe shi don girman Allah ya riƙa motsa leɓe kawai, ya bar wa masu murya sauran aikin. Da aka turo shi aikin bishara nan Chipata, shi da matarsa Sunhwa da 'yarsu Yeji, abin bai taɓa damunsa ba, domin ƙaramin cocin da ya samu a bayan kasuwar Kapata yana da Bana Kangwa.

Bana Kangwa, uwar Kangwa ke nan, busasshen kifi take sayarwa a kasuwa. 'Yar ƙabilar Bemba ce, aure ya kawo ta gabas cikin ƙabilar Ngoni, mijin ya rasu, ita ta zauna daram. Ita ke jan mawaƙan zumuntar mata. In ta ɗaga murya ranar Lahadi, masu hayar keke sukan jingine kekunansu jikin katanga su leƙo ta taga, wani har ya mance da fasinjan da ya bari a bakin titi. Rabin mutanen cocin waƙa ce ta shigo da su, wa'azin a ciki suka tarar da shi.

To ga shi yanzu, Lahadi bayan Lahadi, bencin mawaƙa wayam, Fasto Yun ne tsaye da littafin waƙoƙi yana jan baiti shi kaɗai. Yara na toshe baki. Wata tsohuwa da kunnenta ya daɗe da yin nauyi ta ce yau ne ta gane cewa kurumcin ma baiwa ce. Jama'a kuwa sai zamewa suke yi, ɗaya bayan ɗaya, zuwa cocin tsallaken titi mai ganga da jita.

Duk abin daga suna ya faro.

Baba Yotamu Shawa, mai gyaran keke, shi ne dattijon cocin. Tun zuwan Fasto ya ce sunan nan Yun ya yi gajarta, kafin ka buɗe baki ya ƙare. Wata rana bayan sujada ya miƙe a gaban kowa ya ce daga yau Fasto ɗan gidansa ne, cikakken Ngoni, sunansa Shawa. Fasto Yun ya yi murna har da ƙwalla. Washegari ya sa aka rubuta masa ABUSA SHAWA da fenti a ƙofar gida, don Abusa muke ce wa fasto a nan. Bai tambayi abin da ke biye da sunan ba, ba wanda kuma ya tuna ya gaya masa.

Sai yayan Baba Yotamu, tsoho Aroni, ya rasu. A da in an yi rasuwa Fasto kan zo ya yi addu'a, ya yi ta'aziyya, ya hau babur ɗinsa. Yakan ga kawunan 'yan uwan mamaci fari fat, amma ya ɗauka toka ce irin ta makoki da ke cikin Tsohon Alkawari. Har wa'azi ya taɓa yi a kai, ya yaba wa mutanen Chipata da riƙon Littafi, jama'a suka yi ta kallon ƙasa suna cije leɓe. Wannan karon kuwa rasuwar gidansu ce, sai ya sa baƙar kwat ɗinsa ya zauna a tsakiyar dangi.

Can sai ga Bana Kangwa da ƙwaryar garin masara a hannu, wasu matan Bemba na biye da ita. Tun daga ƙofa ta fara.

"Ɓerayen gonakin Chipata, ku fito ku sha iska! Aroni ya kwanta, babu mai gasa ku yau!"

Ta damƙi gari ta watsa wa matar mamacin a ka. Tsohuwar, da ta wuni tana kuka, ta tuntsire da dariya hawaye na zuba. Bana Kangwa ta bi ta kan Baba Yotamu ta mai da furfurarsa biyu, ta ce masa ya daina murza ido, kowa ya san kukan wa zai gaji tarkon ɓeran yake yi. Tana bi tana zuba gari, matan da ke bayanta kuma suka wuce madafa suka karɓe tukwane daga hannun 'yan gida.

Fasto Yun yana zaune zuciyarsa na tafasa. A ƙasarsu ko tari ba a yi da ƙarfi a gidan makoki. Bai ankara ba sai ya ga inuwarta a kansa.

"Af, ga sabon Shawa! Wannan ɓeran ma daga ƙetare aka yo odarsa."

Gari ya sauko masa a ka, ya bi gilashin idonsa, ya kwanta a kafaɗar kwat.

Ya miƙe tsaye. Yaren garin a littafi ya koye shi, don haka kalmominsa suka fito tsaf, babu ko ɗaya da ta karkace.

"Mama, nan gidan makoki ne. Wannan abin kunya ne. Ni ba abokin wasanki ba ne."

Tsakar gidan ta yi tsit, har ana jin tafasar tukunya. Bana Kangwa ta ajiye ƙwaryar. Ta kama bakin zanenta ta kaɗe masa kafaɗa a hankali, dama da hagu, ta durƙusa har ƙasa.

"Ka yi haƙuri, Abusa Yun. Na ɗauka ɗan gida ne."

Ta fita. Lahadin da ta biyo baya ba ta zo coci ba, mawaƙanta ma ko ɗaya.

A gida ma ba sauƙi. An ɗauke wuta kamar kullum, Sunhwa na bayan gida tana cusa kabeji da barkono cikin bokiti, irin tsimin ƙasarsu da suke kira kimchi, wanda maƙwabta suka daɗe suna zaton wani abu ne ya mutu a kwata. Tsofaffin matan cocinsu na can Mokpo, waɗanda ke ɗauke da nauyin zamansu, sun saba duk wata a tura musu bidiyon mawaƙan nan, su taru su kalla suna share hawaye. Yanzu sun fara tambaya. Shugaban mishan kuma ya bugo waya, cikin ladabi mai ban tsoro, ya ce in cocin Kapata ya kasa tsayawa ba laifi, akwai aikin ofis da ke jiran Fasto Yun a gida.

"Ni ba inda za ni," in ji Yeji, bakinta cike da nshima, tuwon masarar da ta fi son shi a kan shinkafar uwarta. "Can ko mangwaro ba su da shi a bishiya."

"Ba a magana da abinci a baki," in ji ubanta.

"Baban Yeji," Sunhwa ta ce tana wanke hannu, "kai ma da ka riƙe taka maganar a baki, da yanzu muna da mawaƙa."

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya yi addu'a, ya auna, ya ga ko da yana da gaskiya bai kamata ya tsawata wa babbar mace a bainar jama'a ba. Sai ya yi abin da ya iya. Ya goge kwat, ya naɗe kwalin shayin saiwar ginsin, mai tsadar nan na ƙasarsu, da ya ɓoye don babbar rana, ya tafi gidan Bana Kangwa. Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa, ya miƙa kyautar da hannu biyu.

Ta karɓa a durƙushe. Ta sa aka fito masa da kujera mai hannu, aka kaɗe ta, aka shimfiɗa mata farin ƙyalle. Ta kawo masa shayi a kofin tangaran da ba a taɓa sha da shi ba. Duk maganar da ya yi sai ta ce, "Haka ne, Abusa Yun. Ba komai, Abusa Yun." Da zai tafi ta ɗaura masa kaza a bayan babur.

Ya iso gida yana washe baki. "Maman Yeji, ta yafe! Kujera mai hannu ta ba ni!"

Ranar Lahadi bencin mawaƙa wayam.

Ya koma da sabulu da sukari, ya ƙara zurfin sunkuyo. Ta ƙara zurfin durƙuso, ta ba shi kaza biyu. Ya sake komawa. Kafin wata ya ƙare bayan gidan Fasto ya zama akurki, kaji na tsattsage kabejin Sunhwa, coci kuwa sai ƙara faɗi yake yi.

Da ya rasa yadda zai yi, ya je rumfar Baba Yotamu. Ya tarar da shi yana nitsa tayar keke cikin ruwa yana neman huji.

"Baba, na ba ta haƙuri har ƙasa. Ta karrama ni, kujera mai hannu take ba ni. Me ya rage?"

Baba Yotamu ya ɗago. "Mai farin ƙyallen nan?"

"Ita."

"Allah sarki, ɗana. Wannan ai kujerar baƙi ce. Mai karanta mitar ruwa ake ba wa ita. Ni da in na je gidan, ko tabarma ba ta ba ni. Cewa take in tsuguna kusa da rumbu ko Allah zai kawo mini abin kalaci."

"Zagi ke nan fa."

"Shi ne dai." Ya danna tayar, kumfa ta taso, ya sa yatsa a wurin. "Kakanninmu da na Bemba sun yi yaƙi har suka gaji, ba wanda ya ka da wani. Sai suka ajiye mashi suka ce daga yau da baki za a yi. Su ce mana maciya ɓera, mu ce musu maciya biri. In an yi mana rasuwa su ne masu haƙa kabari, su dafa abinci, su zuba mana gari, su yi ta tsokanarmu har sai mun tuna yadda ake dariya. In nasu ne mu yi musu. Ranar nan ba raina ka ta yi ba. Ita ce ta fara yarda da sunan da na ba ka. Kai kuma ka miƙe a gaban duniya ka mayar mata."

Fasto Yun ya cire gilashi ya goge, ya mayar.

"Kuma ba kai kaɗai ta shafa ba," in ji Baba Yotamu. "Tun ranar ta ce tunda Abusa ya ce abin kunya ne, ta daina wasa da kowane Ngoni, kada kuma wanda ya kuskura ya yi da ita. Jiya ta wuce nan ta ce mini ina kwana. Ina kwana fa! Ni Yotamu! Abinci ma kasa ci na yi."

"To yaya zan yi?"

"Ka je ka tsokane ta."

"Baba, ta girmi mahaifiyata!"

"Shi ya sa zai yi daɗi."

Nan fa aka shiga makaranta. Da la'asar Fasto Yun kan tsaya a tsakar gida cikin kaji, Sunhwa ta ɗaura ɗankwali ta zauna a kan bokitin kimchi a matsayin Bana Kangwa, Yeji na kan katanga tana ba da maki.

"Mama," ya fara, hannuwansa a haɗe a gaba, "in ba damuwa, na ji wasu na cewa, ko da yake ni ban gani da idona ba, wai mutanenku kan ɗan taɓa naman biri."

"Baba, wannan ai gaisuwa ce," in ji Yeji.

"Sake," in ji Sunhwa. "Kuma ka daina sunkuyawa."

"Ban sunkuya ba."

"Ka sunkuya. Har kazar can ta rama."

Ya gyara tsayuwa, ya haɗe gira. "Mama! Kifinki... kifinki yana da ɗan gishiri."

Sunhwa ta zare ɗankwalin ta rufe fuska da shi, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Shekara nawa muna tare, ban taɓa sanin akwai ranar da zan yi addu'a mijina ya yi rashin kunya ba. Kalli nan." Ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Ke Bana Kangwa, kifin nan naki tun jirgin Nuhu yake shanye, ko kuwa wutsiyar biri ce kika yanyanka?"

Fasto Yun ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. "Ina kika koyi wannan?"

"A layin famfo. Kai kana ɗaki kana koyon nahawu."

Abin ya dame shi har cikin rai. Ya buɗe Littafi ya karanta inda aka ce a girmama tsofaffin mata kamar uwaye, ya rufe. Ya sake buɗewa ya tarar da inda manzo ya ce ya zama kowane iri ga kowane irin mutane, ya rufe. Ya ce wa matarsa ayoyin biyu sun sa shi a tsakiya. Ta ce ya tambayi kansa wace girmamawar ce ita uwar take ji a jikinta, tasa ko tata.

Ya ɗaura niyya ya nufi kasuwa. Ya ratsa layin masu tumatir, ya tsaya gaban tiren Bana Kangwa, maganar jirgin Nuhu na kan harshensa. Ta ɗago ta dube shi da idon nan nata.

"Sannu da zuwa, Abusa Yun. Me za a ba ka?"

Bayansa ya lanƙwashe da kansa. "Kifi, Mama."

Haka ya yi ta yi. Ya je da zagi, ya dawo da kifi. Gidan da ke warin kabeji da kashin kaji ya ƙara da ƙarnin kifi, har kyanwowin unguwa suka mai da katangarsa wurin taro. Sunhwa ta ce in ya sake shigo mata da ƙullin kifi, shi da kifin za su kwana a coci.

Ana cikin haka aka sa ranar auren Kangwa, ɗan Bana Kangwa tilo. A cocin tsallaken titi aka ɗaura, wanda hakan kaɗai ya ishi kowa amsa. Amma an gayyaci Fasto da iyalinsa cin abinci, da cikakken ladabi. Da za su fita, Sunhwa ta ƙulla garin masara a leda ta tura masa cikin aljihun kwat. 

An kafa rumfa a filin makarantar firamare, kiɗa na tashi, amarya da ango na sheƙi. Aka kai Fasto babban tebur, aka ja masa kujera. Ya duba, ita ce dai, mai hannu, da farin ƙyallenta. Daga gida aka ɗauko masa ita.

Daga nan ya hangi uwar ango. Ta sha sabon zane shuɗi mai ruwan zinariya, ɗaurin kai ya tashi kamar zai taɓa rumfa. Tsaf take, ko ƙura babu a jikinta. Sai ya lura da sauran. Kawun ango fari fat, Ngoni sun gama da shi tun a ƙofar coci. Ƙannenta da sauran 'yan uwanta da suka zo daga garinsu Kasama, kowa kansa kamar an tsoma a buhu, suna ta ihu suna ramawa da baki. Ita kaɗai ce ba wanda ya taɓa. Matan Ngoni kan zo da gari a dunƙule a hannu, su kai kusa da ita, su tuna, su gaishe ta da ladabi su wuce. Baba Yotamu na can gefe yana jujjuya ƙullinsa kamar wanda aka hana shiga gidansu.

Ita kuwa tana zaune a miƙe, tana murmushin da bai wuce leɓe ba. Ranar auren ɗanta tilo, an bar ta kamar baƙuwa a bikin wasu.

Fasto Yun ya ga wannan. Ya san kujerar da aka ba shi. Yanzu ya gane cewa shi ma irinta ya ba ta, ya kuma sa duk gari ya ba ta.

Mai gabatarwa ya karɓi lasifika. "Yanzu za mu roƙi babban baƙonmu, Abusa Yun, ya sa wa abinci albarka."

Ya miƙe. Ya karɓi lasifikar. Jama'a suka sunkuyar da kai, suka rufe ido.

"Kafin in yi addu'a," ya ce, "ina da gyara. Sunana Shawa."

Idanu suka fara buɗewa.

"Kuma ba zan sa wa naman nan albarka ba sai na leƙa tukunya." Ya nuna madafa. "Domin da na biyo ta gindin tsaunin Kanjala da safe, na ji birai suna kuka. Sun ce tun da dangin ango suka iso daga Kasama ba su ga kakansu ba."

Wani can baya ya saki ihu, ya yi maza ya toshe baki. Sauran suka juya ga Bana Kangwa. Fuskarta ba ta motsa ba.

Ya ajiye lasifikar, ya taka zuwa gabanta. Filin nan bai taɓa yi masa tsawo haka ba. Ya zaro ledar, ya yi ta fama da ƙullin da Sunhwa ta yi, ya ƙi kwancewa, har sai da ya sa haƙori. Sannan ya tallabi ledar da hannu biyu, ya ɗan sunkuya, don wannan kam ba ya iya bari, ya juye garin duka a kan ɗaurin kan nan mai tsawo.

Gari ya gangaro ta goshinta, ya sauka a girarta, ya bi sabon zanen. Kiɗa ya tsaya. Yeji ta damƙe hannun uwarta.

Bana Kangwa ta share garin da ke girarta. Ta hura garin da ke kan leɓenta. Ta ɗaga ido ta dube shi daga takalmi har gilashi.

"Da hannu biyu," ta ce. Ta juya ga jama'a, murya ta fito, muryar nan da aka yi kewa. "Jama'a kun gani? Da hannu biyu! Ko rashin kunyar ma sai ya yi ta da ladabi! Yotamu, wannan ne ɓeran da ka rena? Ko cizo bai iya ba!"

Rumfa ta kece. Baba Yotamu ya taho a guje kamar yaro, ya sauke mata nasa ƙullin, matan Ngoni suka rufa mata, gari ya tashi sama kamar hayaƙi. Tana tsakiya tana kare fuska tana zazzaga musu zagi ɗaya bayan ɗaya, da sunan kowa da na kakansa, tana dariya, hawaye na yanka hanya cikin farin da ke kumatunta.

Fasto Yun ya ja da baya a hankali, yana ganin ya gama nasa. Bai kai ga kujerarsa ba ya ji an cafke masa kwat.

"Ina za ka, Shawa? Wa ya ce ka zauna a kujerata? Ku ɗauke ta, ta baƙi ce! Ku kawo mini kwanon can!"

Ba ƙwarya ba, ba leda ba, babban kwanon da aka auna garin tuwon biki ne aka kawo. Mata biyu suka riƙe shi, ita ta kife masa. Da ƙura ta lafa ba a ganin komai a jikinsa sai baki. Sunhwa na riƙe da waya tana ɗauka, dariya ta hana hoton tsayawa. A tsugune ya ci abincin bikin, kusa da tukwane, Bana Kangwa na aiko masa da ƙashi tana cewa ya gwada ya ji ko na kakan biran ne.

Ranar Lahadi ya shiga coci da sauran gari a cikin kunne. Bencin mawaƙa wayam. Ya jira, ya duba ƙofa, ya sake dubawa. Babu kowa.  Ya buɗe littafin waƙoƙi, ya ja numfashi, ya kama baitin farko shi kaɗai.

Bai kai ƙarshen layi ba aka banko ƙofa.

"Kai, kai, kai! Shawa, rufe bakin nan don Allah! Tun daga kasuwa nake jin ka. In ka kori ɓerayen unguwar nan da muryarka, me danginka za su ci?"

Ta shigo, matanta na biye da ita cikin fararen riguna, suna gyara ɗauri. Ashe suna bayan katanga tun ɗazu, ita ta ce a bar shi ya ɗan sha wuya. Ta zare littafin daga hannunsa, ta juya ga jama'a, ta ɗaga murya. Kafin a kai amshi, inuwar masu hayar keke ta rufe taga.

Fasto Yun ya koma gefe ya tsaya kusa da matarsa, yana motsa leɓe kawai.

Sunhwa ta tura wa tsofaffin Mokpo bidiyon waƙar, ta haɗa da na bikin. Ba su gane abin da ya faru ba, amma sun ga kan fastonsu ya yi fari tas, suka yi kuka, suka ce aikin Ubangiji ya tsufar da yaron nan tun bai kai ko'ina ba. Shugaban mishan bai sake ta da maganar ofis ba. Wata bai cika ba sai ga kwali daga Mokpo, cike da shayin ginsin da baƙin rinin gashi.

Rinin Bana Kangwa ce ta ƙwace. Ta ce ɓera ba ya shafe-shafe.